Rajista ba ta tare ruwa: kan tsofaffin gine-gine da turbobin gandun dajin Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ku ba mu ɗan fili a shafin wasiƙu.

A tsakiyar watan Yulin 2025 gobarar daji ta cinye babban masaukin baƙi da ke gefen arewa na gandun dajin Grand Canyon, a jihar Arizona ta Amurka, tare da gomman ƙananan gine-ginen katako da ke kewaye da shi. Tun 1987 ginin yake cikin jerin wuraren tarihi mafi daraja na ƙasar, kuma wannan ne karo na biyu da wuta ta ci shi: an gama na farko a 1928, ya ƙone a 1932, aka ɗora wani a kan harsashinsa na dutse, aka buɗe a 1937. Duk wanda ya ji labarin zai iya cewa, to ina amfanin kariyar da aka ce doka ta ba shi? Tambayar tana kan hanya, sai dai ana ɗora wa rajistar wuraren tarihi kayan da ba nata ba. Muna so mu fayyace wa masu karatu abin da shiga rajista yake yi, da kuma aikin hannun da a zahiri yake riƙe da gini ko turba, domin in irin wannan labari ya sake zuwa, wakilanku su san abin tambaya: yaushe aka duba rufin, wa ke share magudanun ruwa, ina zanen ginin yake ajiye.

Dokar da ake magana a kanta ta 1966 ce, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu, ita ce ta kafa Rajistar Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Hukumar gandun daji ta ƙasa, wadda aka kafa a 1916, ita ke riƙe da rajistar, kuma wuraren da ke ciki sun haura 95,000. Daga cikinsu kimanin 2,600 ne kawai suka kai matakin ƙoli, irin wanda masaukin Grand Canyon yake kai. Kafin wuri ya shiga, a al'ada sai ya kai shekara 50, sannan ya cika ɗaya daga cikin sharuɗɗa huɗu: ko wani muhimmin al'amari ya faru a wurin, ko yana da alaƙa da wani fitaccen mutum, ko fasalinsa da yadda aka gina shi abin koyi ne, ko kuwa ana sa ran tona shi zai ba da sabon sani. Wannan shi ne ɓangare mai sauƙi. Inda yawancin takardun neman shiga suke tuntuɓe shi ne sahihanci, wato ko abin da ke tsaye yau har yanzu shi ne abin da aka gina. Ana auna shi ta fuska bakwai: wurin da yake, fasalinsa, abin da ke kewaye da shi, kayan ginin, hannun magina, yanayin da yake jefa mai kallo, da alaƙarsa da tarihin da ake da'awa. Ɗakin da aka canja wa tagogi da rufi da daɓe, aka matsar da shi bakin titi, yana iya shekara 150 a duniya ya faɗi wannan jarrabawa.

Mutane da yawa ba su san turba ma tana shiga rajista ba. A gandun Glacier da ke Montana, turbobin dawakin da suka haɗa masaukan tsauni sun shiga a 1996. A Mount Rainier, turbar Wonderland mai tsawon mil 93 da ta zagaye tsaunin tana cikin yankin tarihin da aka ayyana a 1997. A Acadia kuwa, a jihar Maine, turba 109 masu jimillar mil 117 suka shiga a lokaci guda a 2022. Abin da ake karewa a turba shi ne layin da ta bi, faɗinta, matakalun dutse, katangun da suka tokare ta, kwalbatoci, gadoji, har da wuraren da magina suka karkata ta da gangan don matafiyi ya hangi wani kwari ko tabki.

To me rajistar take tilastawa? Sashe na 106 na dokar ya ce duk hukumar tarayya da za ta yi aikin da zai shafi wurin da ke rajista, ko wanda ya cancanci shiga ko da bai shiga ba, dole ta tsaya ta auna illar aikin, ta tuntuɓi jami'in adana kayan tarihi na jihar, da ƙabilun asali in abin ya shafe su, ta kuma ba majalisar ba da shawara ta tarayya damar faɗin ra'ayinta. Jami'in jiha yana da kwana 30 ya amsa. In an ga illa, a zauna a rubuta yarjejeniyar yadda za a kauce mata, ko a rage ta, ko a rama ta da wani abu. Babu inda sashen ya ce ba a rusawa, kuma babu inda ya ware ko dala ɗaya ta gyara.

Unguwar Elkmont da ke gandun Great Smoky Mountains ta isa misali. Gidajen hutu ne na katako sama da 70, na farkon ƙarni na 20. Shirin hukumar na 1982 ya ce a kwashe su a bar daji ya koma. Hayar mafi yawan mazauna ta ƙare a 1992, sai ga shi a 1994 an shigar da unguwar rajista. Daga nan aka shiga ja-in-ja na shekara 15, gidajen suna tsaye babu mai zama, babu mai toshe yoyo. Otal ɗin Wonderland, wanda ya fi kowane gini girma a wurin, ya rufta da kansa a 2005. Da aka cimma matsaya a 2009, gini 19 aka amince a riƙe, sauran aka rusa. Rajista ta ceci 19, wannan gaskiya ne, amma jinkirin da ta jawo shi ya ƙarasa wasu da dama. A ganinmu babban kuskuren shi ne barin gini haka nan alhali ana gardama a kansa. Rufe gini na wucin gadi aiki ne mai arha: a lulluɓe rufi, a rufe tagogi da katako mai ramukan shan iska don kada danshi ya taru a ciki, a toshe hanyar ɓeraye da raga, a sare rassan da suka taɓa bango, a riƙa leƙawa bayan kowane babban hadari.

Idan an zo gyara, ƙa'idojin ma'aikatar cikin gida sun raba aikin gida huɗu: a riƙe abu yadda aka same shi, ko a gyara shi don sabon amfani ba tare da ɓata siffarsa ba, ko a mayar da shi kamannin wani zamani takamaimai, ko a sake gina wanda ya ɓace bisa hujja. Dole a zaɓi ɗaya a rubuce kafin a ɗaga guduma, don cakuɗa su ne ke haifar da ginin da bai taɓa wanzuwa ba a kowane zamani. Na huɗun shi ya fi wuya, kuma ba a yarda da shi sai da zane da hotuna. Shi ya sa shirin auna tsofaffin gine-gine da zana su, wanda aka fara a 1933, yake da daraja. Masaukin Sperry a Glacier, wanda kamfanin jirgin ƙasa na Great Northern ya gina a 1913, ya ƙone ranar 31 ga Agustan 2017, bangayen dutse kawai suka rage. Abin da ya ceci aikin shi ne cikin makonni kaɗan aka tokare bangayen da manyan katakai kafin dusar ƙanƙara ta sauka, don bangon da ya rasa rufi da bene ba ya iya jure turin ƙanƙara da iska. An yi ginin a bazarar 2018 da ta 2019, aka buɗe a 2020.

Gobara ce ke shiga labarai, amma ruwa ne ya fi kashe gini. Duba gini yana farawa daga sama. Rufin falankin katako, irin wanda yawancin waɗannan ɗakuna suke da shi, yakan yi shekara 25 zuwa 30 in ana share ganye da gansakuka daga kansa. In an bari suka taru, suna riƙe laima, ya ruɓe tun kafin lokacinsa. Yoyo yakan fara ne a inda rufi ya haɗu da bututun hayaƙi, ko a kwarin da rufi biyu suka gamu. Sai indararo: in ya toshe, ruwan rufin gaba ɗaya yana sauka a gindin bango. Sai ƙasar da ke kewaye, wadda ya kamata ta gangara nesa da gini da aƙalla inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko. Shekara da shekaru ganye da turɓaya suna taruwa har ƙasa ta hau kan gungumen farko, alhali ana son tazarar kusan inci 8 tsakanin itace da ƙasa. Itacen da danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba ba ya ruɓa. Da ya haura haka ya daɗe, naman gwari ya samu wurin zama. Akwai na'urar auna danshi mai allura biyu, amma ko basilla ta wadatar: a soka ta a gungume, in ta shige fiye da rabin inci ba da ƙarfi ba, ko itacen ya gutsure guntu-guntu a maimakon ya tsage dogo, ruɓa ta shiga.

Canja gungumen ƙasa a ɗakin gumagumai aiki ne da ake yi a hankali. Da farko a ɗauki hoto, a auna, a sa wa kowane gungume lamba. A cire ƙofofi da tagogin da ke bangon, in ba haka ba gilashi zai fashe, firam ya karkace. A zura sandunan ƙarfe ko katakai masu kauri ƙarƙashin gungume mai lafiya na farko, a ɗora su kan jak, a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan, kowane jak daidai da ɗan'uwansa, ana cusa katakan tokari a ƙarƙashi bayan kowane ɗagi, don ba a amince wa jak shi kaɗai da ran mutum. Ba a ɗagawa fiye da abin da zai bari ruɓaɓɓen ya fita. Bututun hayaƙi na dutse ba ya tashi tare da bango, saboda haka sai an raba su tukuna; mantawa da wannan ya tsaga bututu da yawa. Sabon gungume ya zama irin itacen tsohon, kaurinsu ɗaya, busasshe, a sassaƙe shi da irin kayan aikin da aka sassaƙa na asali, a yanka masa irin gaɓar kusurwar. Ɗanyen itace yana tsukewa in ya bushe, bangon ya zauna a karkace. In ruɓar ba ta wuce wani yanki ba, ba a yar da gungumen duka: a yanke wurin, a dasa sabon guntu, a huda ramuka a cusa sandunan maganin borat, waɗanda ke narkewa su bazu cikin itacen duk lokacin da laima ta shiga. A ƙarshe a buga shekarar gyaran a gefen da ido ba ya gani, don mai zuwa nan gaba ya bambance sabo da tsoho.

Cikon da ke tsakanin gumagumai, da kwaɓin da ke tsakanin duwatsu, nan ne aka fi yin gyaran gangar auzinawa. Na asali yawanci laka ce da yashi da farar ƙasa, mai taushi, mai barin danshi ya fita. Sai wani ya zo da kyakkyawar niyya ya cika da siminti don ya daɗe. Siminti ya fi dutse mai laushi tauri, kuma ba ya barin ruwa ya fita ta cikinsa. Bango yana motsi da zafi da sanyi, simintin ya ƙi motsawa, siririyar tsaga ta buɗe a gefensa, ruwa ya shiga ya rasa mafita sai ta cikin dutsen ko itacen. In sanyi ya zo ruwan ya daskare, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, fuskar dutsen ta ɓare. Bayan shekaru sai a tarar da layukan siminti tsaye garau, dutsen da aka zo karewa ya zaizaye a bayansu. Ƙa'idar ita ce kwaɓi ya fi abin da yake riƙewa taushi, shi ne zai lalace a sake shi.

Ga yadda ake sake cikon. A kai samfurin tsohon kwaɓi a gano irin yashinsa da launinsa. A ƙwaƙule tsohon da cizal da guduma, zurfin ya kai ninki biyu zuwa biyu da rabi na faɗin gaɓar. Injin gurza yana cin gefen dutse, ya faɗaɗa gaɓar har abada. A wanke ƙura, a jiƙa bangon ya yi laima ba tare da ruwa ya kwanta ba. Kwaɓin da aka saba shi ne awo ɗaya na farar ƙasa da awo biyu da rabi zuwa uku na yashi. A cusa shi hawa-hawa, kowane hawa kamar rubu'in inci, a bari ya ɗan ƙame kafin a ƙara. A rufe da jiƙaƙƙen buhu na kwana uku ko fiye, don farar ƙasa tana tauri ne a hankali ta hanyar shan iska, in ta bushe da gaggawa sai ta zama gari. Ba a yin aikin in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 na ma'aunin Salshiyas, abin da ke nufin a kan tsauni lokacin aikin bai wuce 'yan watanni ba. Kuma a fara da ɗan fili ƙafa 3 a kan ƙafa 3 a wurin da ba a gani, a jira ya bushe a ga launinsa.

A Mesa Verde da ke Colorado, inda kakannin mutanen Pueblo, wasu ƙabilun asali, suka gina gidaje cikin kogunan dutse a wajajen 1190 zuwa 1280, kwaɓin asali laka ce. Rukunin gidajen da ake kira Cliff Palace kaɗai yana da ɗaki kusan 150 da ɗakunan ibada 23 masu siffar da'ira. Gyare-gyaren farkon ƙarni na 20 sun shigo da siminti, kuma wani ɓangare na aikin magina na yanzu shi ne cire shi a mayar da laka. Wani lokacin ma matsalar ta fi ƙarfin magini: an rufe wani rukunin gidajen, Spruce Tree House, ga baƙi a 2015 saboda dutsen da ya yi masa rumfa yana barazanar ɓallewa.

Kan wuta, yawancin gine-ginen daji ba harshen wuta ke kama su ba, tartsatsin da iska ke ɗaukowa daga nesa ne, ya faɗa cikin busasshen ganyen indararo, ko ya shige ta ramin shan iska, ko ƙarƙashin bakin rufi. Maganin kuwa sananne ne: ƙafa 5 na farko kewaye da gini babu abin da zai ci wuta, a rage itatuwa da ciyayi har ƙafa 30, a rufe ramukan iska da ragar ƙarfe mai ido ɗaya bisa takwas na inci. Masaukin Old Faithful a Yellowstone, na 1904, ya tsira ranar 7 ga Satumban 1988 lokacin da wuta ta kewaye shi, kuma cikin abin da ya cece shi har da bututun feshin ruwa da aka shimfiɗa a rufinsa shekara guda kafin nan. Sai dai feshi yana bukatar famfo da ruwa da mutum a wurin, ukun nan kuwa su ne suke fara yankewa in wuta ta yi ƙarfi. Dusar ƙanƙara ita ma tana da nata aikin. A Paradise, kan tsaunin Rainier, an auna inci 1,122 a hunturun 1971 zuwa 1972. Ƙanƙarar da ta taru a gangare tana silalowa a hankali tana tura bango, har masaukin wurin na 1917 ya karkace. An rufe shi daga 2006 zuwa 2008, aka warware manyan murhunansa dutse bayan dutse, kowanne da lambarsa, aka sake jera su kan sabon harsashi.

Turba kuwa, duk iliminta bai wuce raba ta da ruwa ba. Ruwan da ya samu turba ya bi tsawonta ya mayar da ita rafi, kuma in gudunsa ya ninka biyu ƙarfinsa ya ninka huɗu. Shi ya sa ake karkata doron turba zuwa gefen kwari da kusan kashi 5 cikin 100, wato a turba mai faɗin ƙafa 2 bakin waje ya fi na ciki ƙasa da inci ɗaya da ɗoriya, ruwa ya tsallaka ta ya wuce. Hawanta kada ya wuce rabin gangaren tudun da take ratsawa: tudu mai kashi 20, turba kada ta haura 10. Abin da ke faruwa da shekaru shi ne ƙafafu da kofato suna lotsa tsakiya, ƙasa ta taru a bakin waje ta zama ɗan tudu, ruwa ya rasa mafita. Aikin farko a kowace shekara shi ne a bi da diga da shebur a kankare wannan tudun.

Inda hawan ya yi tsanani ana gitta jerin duwatsu ko gungume don kautar da ruwa. A gitta shi a karkace, kusan digiri 45. In ya yi daidai-wa-daida da faɗin turba, yashi zai cika bayansa a ruwan farko, in ya kwanta da yawa ruwa zai yi gudu ya ci gindinsa. A binne kashi biyu cikin uku na kowane dutse, duwatsun su haɗa kafaɗa, a shigar da kan jerin cikin tudu don kada ruwa ya zagaye, a buɗe bakin fita da faɗin shebur biyu, a zuba tsakuwa a inda ruwan zai sauka. Wanda ba a share ba shekara biyu daidai yake da babu. Katangar tokari ta busasshen dutse, irin wadda CCC, rundunar matasa ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ta gina da yawa tsakanin 1933 da 1942, tana da nata dokoki: manyan duwatsu a ƙasa kan tushe mai ƙarfi, kowane dutse ya hau kan biyu don kada gaɓa ta miƙe daga sama har ƙasa, tsawon dutse ya shiga cikin tudu, fuskar katangar ta jingina baya inci 2 zuwa 3 a kowace ƙafa, a cika bayanta da fasasshen dutse. Wanda ya cika bayan da ƙasa, ko ya toshe gaɓoɓin da siminti, ya gina madatsar ruwa, kuma cikinta zai turo ta faɗi.

A nan ne ake samun saɓani tsakanin mai gyaran turba da mai kula da tarihi. Turbobi da yawa na dā sun karya duk ƙa'idojin da muka lissafa, sun miƙe tsaye kan tudu. Da sabuwa ce, sai a sauya mata layi. Amma layin yana cikin abin da rajista take karewa, don haka sai a riƙe shi a biya da matakalu da magudanu da aikin shekara-shekara. Mu dai muna ganin in layin shi ne dalilin shigar turbar rajista, a riƙe. In kuwa wani guntu ne da ba shi da aikin dutse, yana zubar da laka cikin rafi kowace damina, a sauya shi, a auna tsohon a zana, a rufe shi da rassa.

Hanyoyin keken doki na Acadia sun nuna abin da sakaci yake yi. Attajiri John D. Rockefeller ƙarami ya gina su daga 1913 zuwa 1940. Mil 45 suna cikin gandun, faɗinsu ƙafa 16, hawa uku na fasasshen dutse, tsakiya ta fi gefe tudu da inci 6 zuwa 8. Bayan rasuwarsa a 1960 kulawa ta ragu, doron ya baje, lambatu suka cike, itatuwa suka rufe wuraren hange. Sai da aka yi babban gyara daga 1992 zuwa 1995. Har yanzu ana rufe su na wasu makonni in ƙanƙara ta fara narkewa, don sawun ƙafa ko tayar keke a ƙasa mai taushi shi ne farkon kwazazzabo.

Wani abin da ke ɗaure hannun ma'aikata shi ne dokar 1964 da ta ware wasu yankuna a bar su yadda Allah ya halicce su: ba mota, ba inji, ba saukar jirgi sai da larura. A irin wuraren nan da zarton hannu na mutum biyu ake yanka, da alfadarai ake kai kaya, da sandan ƙarfe da igiya ake jan dutse. Ba sabon abu ba ne ga wannan sana'a. A 1928, igiyoyin ƙarfe takwas na gadar Kaibab, kowace ƙafa 550 da nauyin sama da tan ɗaya, mutum 42 ne suka sauke su cikin Grand Canyon a kafaɗa, yawancinsu 'yan ƙabilar Havasupai. Amma wannan doka da ta 1966 sukan yi karo. A 2005 wata kotun tarayya ta hana hukumar gandun Olympic kai sababbin rumfuna biyu da jirgi mai saukar ungulu don maye gurbin tsofaffin da ƙanƙara ta rusa. A gandun dai, masaukin Enchanted Valley, da ya shiga rajista a 2007, kogi ya ci ƙasar gindinsa har sai da aka tura shi baya kimanin ƙafa 100 a 2014.

Tun da mun ambaci Havasupai, ya kamata a faɗi cewa turbar Bright Angel, wadda ta fi kowace suna a Grand Canyon, hanyarsu ce zuwa gonakinsu tun kafin a yi gandun, kuma an fitar da su daga wurin a shekarun 1920. Sai a 2022 aka mayar wa zangon da ke tsakiyar turbar sunansu. A Cades Cove ma, cikin Great Smoky Mountains, hukuma ta kwashe yawancin gidajen zamani na mutanen da aka tasa, ta bar na gumagumai, har baƙo ya ɗauka mutanen kwarin ba su taɓa wuce zamanin gatari ba. Abin da aka zaɓa aka adana shi ma hukunci ne na wasu mutane a wani lokaci.

Saura kuɗi. Gyare-gyaren da hukumar ta ɗage sun haura dala biliyan 20. Dokar 2020 ta ware har dala biliyan 1.9 a shekara na tsawon shekara biyar, kashi 70 cikin 100 na hukumar gandun daji, amma irin wannan kuɗi manyan ayyuka yake bi, ba ya biyan mai share kwalbati. Acadia ta bi wata hanya: a 1999 ta ƙaddamar da gidauniyar dala miliyan 13 tare da ƙungiyar masoya gandun, aka ajiye wani kaso ana juya shi, ribar tana biyan ma'aikatan turba kowace shekara. Cikin ayyukan da ake yi a can har da kula da alamomin hanya irin na Waldron Bates, wani mai shimfiɗa turbobi a wurin a farkon ƙarni na 20: duwatsu biyu a ƙasa, ɗaya a gicciye a kansu, ƙarami a sama yana nuna inda turba ta nufa. Baƙi sukan ƙara musu duwatsu ko su gina nasu, abin da ke ɓatar da matafiyi cikin hazo, ya kuma tone 'yar ƙasar da tsiron kan tsauni yake riƙe da ita. Masu aikin sa kai ne ke bin turbobin a lokacin baƙi, suna rushe na bogi, suna mayar da na asali duwatsu huɗu.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu aikin gyaran tsofaffin gine-gine da turbobi